Babur Mai Tari

Rana ta fara sanyi lokacin da wani direban tasi ya faɗo ofishin 'yan sanda, gumi ya jiƙa masa riga, yana magana tun daga bakin ƙofa.

"A gabana aka yi, yallaɓai! A gabana!"

Sufeto ya ajiye biro, ya tura masa kujera. Mutum ne da ba ya katse mai magana. Abokan aikinsa sukan ce in ka zauna a gabansa sai ka faɗi har abin da ba a tambaye ka ba, don kawai shirunsa ya ishe ka.

Direban ya ce wata ma'aikaciyar jinya ce ta taso daga aiki, tana bakin titi tana tsayar da shi. Kafin ya taka birki, wani mai babur sanye da hular kwano ya fizgi jakarta. Igiyar jakar na kafaɗarta, sai ya ja ta a kan kwalta har ta karye a hannu. Jama'a suka yi kanta, shi kuwa ya bi ɓarawon.

"Tun daga gada na bi shi har ƙarshen doguwar hanyar nan, inda gidaje suka ƙare. Na taka motar nan har sitiyari yana rawa a hannuna. Wallahi ko kusa da shi ban je ba."

"Me ka gani?"

"Lamba. Ga ta nan na rubuta a tafin hannuna. Danjar baya a fashe take, an liƙe ta da jan salatif. Kuma akwai buhun fulawa a naɗe, an ɗaure shi a kariyar baya, bayan sirdi."

Lambar ba ta ba su wahala ba. Ta kai su wani gidan burodi a bakin kasuwa. Babur ɗin yana ajiye a ƙarƙashin bishiya, kusa da rumfar wani bakanike, ga jan salatif, ga buhun fulawa. Mai shi kuwa a ɗakin baya aka same shi, yana sharar barci a kan benci, fulawa har cikin girarsa.

Aka sa shi a mota. Kofur, matashi mai zafin nama, ya hau babur ɗin zai kai ofis. Yana isa kwanar titi sai injin ya mutu. Ya yi ta buga kik yana tsaki, kafin ya lura famfon man da ke ƙarƙashin tanki a rufe yake. Ya buɗe, ya iso ofis yana mita. Sufeto ya saurari mitar har ƙarshe.

A ɗakin tambayoyi mai burodin ya zauna tsuru-tsuru, hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa.

"An ce Guguwa ake kiranka," in ji Sufeto.

"Tsohon suna ne, yallaɓai. Da can ne, lokacin ina gudu."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ko mai keke in ya dage sai ya wuce ni."

"Ina kake bayan azahar?"

"Ina barci. Tun asuba nake gaban wuta, in na sauke gashin ƙarshe sai in kwanta."

"Wa ya gan ka?"

"Wa zai tsaya kallon mai barci, yallaɓai?"

Kofur ya yi dariya. Sufeto bai yi ba, sai ya gyara zama ya jira.

"Ranka ya daɗe, babur ɗin nan ba zai iya abin da ake cewa ya yi ba. Tari yake yi. A cikin gari lafiya lau, kamar sabo. Amma in na hau doguwar hanya na murɗa totur, sai ya tafi, ya tafi, can sai ya fara fizga kamar wanda aka shaƙe. In na sassauta sai ya dawo hayyacinsa. Ya yi watanni a haka. Ku tambayi Likita, bakaniken da ke maƙwabtaka da mu. Na kai masa har na gaji."

Kofur ya fita tsakar ofis, ya tayar da babur ɗin, ya murɗa totur har ƙarshe. Injin ya yi ta ruri, ko gargada babu.

"Ga mara lafiyarka nan yana rera waƙa!" ya ɗaga murya. "Yallaɓai, mutumin nan ya mayar da mu yara."

Washegari da safe Sufeto ya je rumfar bakaniken. Likita dogo ne, mai fara'a, da tsumma a kafaɗa. Ya share masa benci kafin ya zauna.

"Guguwa? Kai, abin bai yi mini daɗi ba. Maƙwabcin kirki ne."

"Ya ce babur ɗinsa yana tari in an yi gudu."

Likita ya girgiza kai. "Ya sha kawo mini, yallaɓai, gaskiya ne. Na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba. Injin nan ƙalau yake. Ka san masu gudu, in babur bai tashi sama ba sai su ce ya lalace."

"To zai iya tsere wa tasi?"

"In an samu mai hannu, me zai hana?"

Sufeto ya yi godiya ya tafi. Shaidar ta yi wa mai burodi nauyi, kuma shugaban ofis ya riga ya ce a shirya takardun kotu. Duk da haka Sufeto ya zagaya bayan ofis, wurin Saje, dattijon da ke kula da motocin 'yan sanda.

"Saje, a tsakar ofis aka gwada shi. Shi kuwa mutumin doguwar hanya ya ce."

Saje ya sa hular kwano ya hau, Sufeto da Kofur suka bi shi a mota. Daga gada ya murɗa. Babur ɗin ya tafi sumul, har Kofur ya fara murmushi. Can sai suka ga Saje yana gaba yana baya a kan sirdi, salansa na tofar da ƙara, fat, fat-fat. Ya sassauta, injin ya daidaita. Ya sake murɗawa, ya ɗan tafi, tarin ya dawo.

Suka tsaya a gefen hanya.

"Bai yi ƙarya ba," in ji Saje. "Wannan ko jaki ba zai tsere wa ba."

"To direban ne ya karanta lamba ba daidai ba," in ji Kofur.

"Da salatif ɗin da buhun duk bai gani daidai ba?" Sufeto ya tambaya.

Babur ɗin da ya tsere wa tasi jiya, yau ya kasa gudu, kuma shi ne dai ba wani ba.

Suka koma bayan ofis, Saje ya shimfiɗa kwali ya baje sufanu. Ya fara da fulogi. Ya sa sabo, ya fita ya dawo, tarin yana nan. Ya ari kwayil, abin da ke ba fulogi wuta, daga babur ɗin sintiri, bai canza komai ba. Ya wanke matatar iska. Ya tsiyayi mai a kwalba ya ɗaga ta a rana ko zai ga ruwa a ƙasa, man garau yake. Rana ta take, Saje ya fara yi wa babur ɗin magana kamar mai jin Hausa.

"Kai dai faɗa mini inda ke maka ciwo, ɗan nema."

Sufeto yana zaune a kan tsohuwar taya tun ɗazu. Ya ce, "Ni ban san inji ba, Saje. Amma mai shi ya ce sai ya tafi, ya tafi, sannan ya fara. Kai ma haka ya yi maka. Me yake jira?"

Saje ya tsaya da sufana a hannu.

"Af! In wuta ce ke yankewa, ai ba za ta jira ba, da ka murɗa za ta nuna hali. Wannan yunwa ce. Akwai ɗan kofi a ƙasan kafireta da ke tara mai. A cikin gari yana cika yana isa. In an yi gudu injin yana shanye shi da sauri, in abin da ke zubowa bai kai abin da ake sha ba, sai kofin ya ƙafe. Shi ne jiran da yake yi."

Ya fara zargin murfin tanki, ko hudar iskarsa ta toshe. Ya busa, iska ta wuce. Sai ya rufe famfon mai, ya zare tiyon da ke kai mai kafireta, ya saka bakinsa a kwalba, ya buɗe famfo. Man ya zubo siriri kamar zare.

"Ga ɓarawon nan," in ji Saje.

Ya cire tiyon gaba ɗaya, ya zura waya a ciki. Wani ɗan jan ƙarfe, bai kai ƙwayar wake ba, ya faɗo a kan kwalin. A tsakiyarsa akwai huda kamar ta allura.

"Wannan na kafiretan ƙaramin janareto ne. Ba shi da hanyar da zai shiga nan da kansa. Hannu ne ya tura shi."

Kofur ya tafa hannu. "Shi ke nan! Ya yi fashinsa, ya dawo ya cusa wannan, ya kwanta, don in an kama shi ya ce babur ɗinsa ba ya gudu. Wallahi mutumin nan ya iya shiri."

Sufeto bai musa ba, don maganar tana da kama da gaskiya. Abin da suka wuni suna nema don ya wanke mai burodi ya zama igiyar da za ta ƙara ɗaure shi.

Ya sa aka fito da shi, ya ajiye ɗan ƙarfen a kan tebur.

"Ka san wannan?"

Mai burodin ya sunkuya ya duba. "Ɗan kunne ne?"

"Kana rufe famfon mai in ka ajiye babur?"

"Ni? Ban taɓa ba. Amma wani lokacin in na tashi daga barci nakan tarar an rufe, sai na hau ya mutu a kwana. 'Yan wasan banza ne na kasuwa."

"Makulli nawa gare ka?"

"Ɗaya. Da tsohon ya lalace Likita ya sa mini sabo, ya ba ni ɗaya."

Ana cikin haka aka ce matarsa ta kawo abinci. Tun jiya take zarya, idanunta sun kumbura. Sufeto ya ce a mayar da mijin, a shigo da ita. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye kwanon. Da idonta ya sauka kan ɗan ƙarfen, sai hannunta ya tsaya a kan murfin.

Sufeto ya gani. Ya ɗauko ruwa ya zuba mata, ya koma ya zauna. Fanka tana juyawa a sama.

"Yallaɓai," ta ce da ƙyar, "wannan abin zai taimake shi ko zai cuce shi?"

"Yanzu dai cutarsa yake yi. Ana cewa shi ya sa da hannunsa don ya rufe mana ido."

Sai ta fashe da kuka.

"Ni ce. Wallahi bai sani ba. 'Yan biyu gare mu, shi ke kai su makaranta. Ya taɓa faɗuwa da su a kwana, Allah ya tsare, ƙaramar har yanzu da tabo a goshi. Na yi magana, na yi fushi, na kai ƙara wurin yayansa, duk a banza. In ya hau abin nan ba ya ji ba ya gani. Sai na je wurin Likita na roƙe shi ya yi wa babur ɗin abin da zai hana shi gudu. Ya nuna mini wannan a tafin hannunsa, ya ce daga yau Guguwa ta kwanta. Na ce ya rufa mini asiri."

"Ban da ke da shi, wa ya sani?"

"Babu. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba." Ta share hawaye da gefen mayafi. "In maigidan ya ji, ban san inda zan sa kaina ba."

"Gara ya ji a gida da ya ji a gidan yari," in ji Sufeto.

Da la'asar aka ɗora babur ɗin a bayan motar 'yan sanda, an mayar da tiyon yadda yake. Kafin su ƙarasa rumfar Likita, Sufeto ya sauka wurin wani mai faci da ke tsallaken titi.

"Baba, jiya Kofur ya tambaye ka."

"Ya tambaye ni ko na ga baƙo ya taɓa babur ɗin. Na ce ban gani ba."

"Wanda ba baƙo ba fa?"

"Ban da Likita da ya fita gwaji, babu."

"Gwaji?"

"To, bakanike ya hau babur ɗin mutane, wannan ma abin kallo ne? Kullum a kan na wani yake. Ya sa hularsa, ya zagaya, ya dawo."

Likita ya tarbe su da fara'arsa ta safe. Sufeto ya ce matar ta faɗi komai.

"Alhamdulillahi," in ji Likita, ya dafa ƙirji. "Ta sauke mini kaya. Amana ta ba ni, yallaɓai, shi ya sa na ɓoye maka. Ka yi haƙuri."

"Riƙon amana abu ne mai kyau. Nuna wa Saje yadda ka sa shi, don mu rubuta daidai."

Likita ya tsuguna. Ko kallon injin bai yi ba. Yatsunsa suka rufe famfo, suka matsa ƙarfen da ke riƙe da tiyo, tiyon ya fito salin-alin. Ya mayar da shi, ya miƙe yana goge hannu.

"Ka ga, ba wuya."

"Sau nawa ka taɓa cire shi?"

"Sau ɗaya, ranar da na sa."

Saje ya yi gyaran murya. "Tiyon da ya yi watanni a wurinsa sai an yi kokawa da shi. Wannan tun da na zare shi ɗazu na ji bakinsa ya saki kamar tsohon takalmi."

"Roba ce, Saje, zafi ne ke sa ta saki."

"Zai yiwu," in ji Sufeto. "Ka gama?"

"Na gama."

"Duba famfon."

Likita ya duba. A rufe yake.

"Haka ka bar shi jiya ma," in ji Sufeto. "Kofur ya sha wahala a kwana. Mai burodi ba ya taɓa famfon nan, yana zargin 'yan kasuwa. Ba mai rufe shi sai wanda zai cire tiyo. Mutum biyu ne suka san abin da ke hana babur ɗin nan gudu, ɗaya ba ta iya hawa ba. Baba mai faci kuma ya gan ka ka fita gwaji."

Fara'ar ta bar fuskar Likita. Ya ce gwajin na wani babur ne, tsohon ba ya gani sosai. Yana cikin magana Saje ya miƙa hannu ya sauko da wani guntun tiyo da ke rataye a ƙusa, ya kara shi da na babur ɗin. Tsawonsu ɗaya, lanƙwasarsu ɗaya, sai dai wannan ba komai a cikinsa.

"Kawo makullanka," in ji Sufeto.

Na uku da aka gwada ya kunna fitilar babur ɗin.

Kofur ya shiga bayan rumfar yana ɗaga tarkace. A cikin wani tsohon tanki da aka yanke gindinsa ya zaro jakar mata, igiyarta a tsinke, katin aikin ma'aikaciyar jinyar yana ciki.

Likita ya zauna a ƙasa.

"Ban yi niyyar ta ji ciwo ba," ya ce. "Na ga babur mai ƙarfi yana ajiye a gabana kullum, mai shi yana barci. In na canza tiyo sai in fita, in na dawo in mayar. Na ɗauka ko an ga lamba, da an gwada aka ga ba ya gudu za a sake shi."

"Da na tambaye ka da safe fa? Ce mini ka yi ƙalau yake."

Likita ya sunkuyar da kai. "Tsoro ne, yallaɓai."

Kofur ya sa masa ankwa. 'Yan kasuwa sun cika titi, aka buɗa hanya aka wuce da shi mota, tsumman yana nan a kafaɗarsa.

Kafin magariba aka buɗe wa mai burodi. Sufeto da kansa ya zaunar da shi ya gaya masa komai, bai rage ba. Matar tana tsaye a jikin bango, ta ƙanƙame kwanon abinci, ta kasa ɗaga ido.

Mai burodin ya daɗe yana kallonta.

"Uwar biyu. Ke ce?"

"Ni ce, maigida."

"Watanni ina tsine wa kamfanin da ya ƙera babur ɗin nan. Na zagi masu sayar da mai. Har yayana na ce ya yi mini baki."

"Ka yafe mini."

"Kin san da kin yi shiru yau da ba wanda zai taɓa sani?"

"Da kana ina yanzu?"

Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da hawaye, har ya dafa kanta. Saje ya juya baya yana tari na ƙarya. Kofur ya matso yana sosa ƙeya, ya ce a yi haƙuri da abin da ya faɗa, mai burodin ya ce ya wuce.

"Babur ɗin zai zauna a nan sai an gama shari'a," in ji Sufeto. "Shaida ne."

"Ya zauna, yallaɓai. Ya huta, ni ma in huta."

Suka fita a ƙafa. Sufeto ya tsaya a bakin taga yana kallonsu. Mai burodin ya karɓi kwanon daga hannunta, ya yi gaba da dogayen ƙafafunsa, yana ɗokin ganin 'ya'yansa, har ya ba ta rata.

"Maigida," ta kira shi, "ka rage sauri mana."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya jira ta.